Tambayoyinku da Amsoshinsu: Idan Ƙaramar Hukuma Ta Ware Kufan Masana'anta Don Sake Gini

Wasiƙu da yawa da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan batu guda, wato abin da ke biyo baya idan ƙaramar hukuma ta ɗauki wani tsohon fili da aka taɓa aiki a kansa, kamar masana'antar da aka rufe, ko tashar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita, ko tsohon juji, ta sanya shi cikin wuraren da za a sake ginawa. Na zaɓi shida daga cikinsu na taƙaita, na kuma cire sunaye da garuruwa, domin wasu daga cikin masu rubutun suna tsakiyar takaddama da hukumominsu. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka na kafa misalaina da ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan al'amari har suka rubuta masa ƙa'idoji.

Tambaya: Malam, an liƙa sanarwa a bangon wata masana'anta da ke ƙarshen layinmu, wadda ta yi shekaru a rufe, cewa ƙaramar hukuma ta saka filin cikin rajistar wuraren da suka dace da gina gidaje. Wasu maƙwabta suna cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe, katafila kawai ake jira. Shin haka ne, kuma me rajistar take nufi? (Daga wani magidanci)

Amsa: Malam, bakin alƙalami bai bushe ba tukuna, amma kada ka ɗauki sanarwar da wasa. Irin wannan fili yana da suna na musamman a Ingila da Amurka, sunan da ke nufin fili mai launin ƙasa-ƙasa, domin a bambanta shi da koren filin da ba a taɓa aza tubali a kansa ba. Mu a nan bari mu kira shi kufai, tun da ma'anar kalmar ke nan, wurin da aka zauna aka tashi. Sai dai ƙasashen biyu ba abu ɗaya suke nufi da sunan ba. A Ingila duk filin da aka taɓa yin gini mai ɗorewa a kansa yana iya shiga ciki ko da babu guba a ƙasarsa, shi ya sa tsohon ofis ko ɗakin ajiyar kaya ma kan samu shiga. A Amurka kuwa, dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta ɗora ma'anar a kan gurɓata, wato filin da kasancewar guba a cikinsa, ko zaton kasancewarta, zai iya kawo cikas ga sake amfani da shi. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kiyasta cewa irin waɗannan filaye sun haura 450,000.

Tsarin Ingila ya fi kama da abin da ka bayyana. Tun 2017 doka ta wajabta wa hukumomin tsara gari su buɗe rajistar kufan da suka dace da gidaje, su kuma riƙa sake duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Filin da ya kai rubu'in hekta, ko wanda zai iya ɗaukar gidaje 5, shi ake sakawa, in dai ana ganin ya dace, mai shi zai sake shi, kuma aikin mai yiwuwa ne. Rajistar kashi biyu ce. Shiga kashi na farko bai ba kowa izinin gini ba, sanarwa ce kawai ga masu zuba jari cewa ga wuri. Shiga kashi na biyu kuwa yana nufin hukuma ta amince da asalin manufar, wato wurin da irin amfanin da za a yi da shi da yawan gidajen, ko da yake dole mai gini ya sake dawowa da cikakken zane da bayanan aiki kafin ya fara haƙa. Doka ta wajabta jin ra'ayin jama'a kafin a saka fili a kashi na biyu, amma a kashi na farko an bar wa hukuma zaɓi. Don haka abu na farko da ya kamata ka tambaya a ofishin tsara gari shi ne matakin da filinku yake, da kuma ranar da za a rufe karɓar ra'ayi.

Dalilin da ya sa na ce kada ka ɗauki sanarwar da wasa shi ne, da zarar fili ya shiga rajista, muhawara takan tashi daga kan ko a yi ginin ko kada a yi, ta koma kan yadda za a yi shi. Ma'anar kufai kanta takan sauya da sauyin gwamnati. Kafin Yunin 2010 har lambunan bayan gidaje ana lissafa su cikin filayen da aka taɓa ginawa a Ingila, masu gini suka riƙa sayen gida mai faɗin lambu suna cusa gidaje da yawa a ciki, sai da ƙorafi ya yi yawa aka cire su daga ma'anar. Ni dai a ra'ayina sake gina kufai ya fi cinye gonaki da dazuzzuka alheri nesa ba kusa ba, domin titi da ruwa da lantarki galibi sun riga sun isa wurin. Sai dai rubuta sunan fili a rajista bai taɓa ko cokali ɗaya na ƙasar da ke cikinsa ba, kuma wannan ne ya kawo mu ga wasiƙa ta gaba.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai ƙananan yara uku. Filin da za a gina sababbin gidaje da makaranta, dattawan unguwa sun ce a da wurin narka ƙarafa da haɗa batir ne. Jami'in da ya zo taro ya ce an duba ƙasar kuma lafiyarta ƙalau, amma bai nuna mana ko takarda ɗaya ba. Ta yaya zan san gaskiya? (Daga wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da ba ki gamsu da maganar baki ba, kuma tarihi yana bayanki. A unguwar Love Canal da ke birnin Niagara Falls na Amurka, kamfanin sinadarai na Hooker ya binne kimanin tan 21,000 na sharar sinadarai a wani dogon rami da aka fara haƙawa don mashigar ruwa ba a ƙarasa ba. A 1953 ya sayar wa hukumar ilimi ta birnin filin a kan dala 1, kuma takardar cinikin ta ambaci sharar da ke binne. Duk da haka aka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara 20 da 'yan kai sinadaran suka fara tsattsafowa cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da farfajiyoyi, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a Agustan 1978, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Lois Gibbs, wadda ta jagoranci mazauna unguwar, uwa ce kamarki, ɗanta kuma yana karatu a wannan makaranta. Abin da ya fi ɓata mini rai a labarin shi ne, bayanin yana rubuce tun farko, amma bai isa hannun iyayen yaran ba. A 1980 kuma aka gano cewa wata sabuwar unguwa a garin Lekkerkerk na ƙasar Holan a kan sharar sinadarai aka gina ta, aka tashi mutanen gidaje wajen 270, aka tono ganguna fiye da 1,600 daga ƙarƙashinsu.

Yanzu ga yadda masana ke auna haɗari. Suna duba abu uku a haɗe: gubar da ke cikin ƙasa, da hanyar da za ta bi ta fito, da mutumin da za ta tarar. In aka yanke ɗaya daga ciki, cutar ba za ta auku ba. Wannan ne ya sa ƙasar da ta dace da ɗakin ajiyar kaya mai daɓen kankare ba lallai ta dace da gida mai lambu ko filin wasan makaranta ba, domin a na farko kankare ya toshe hanya, a na biyu kuwa yaro zai zauna a ƙasa ya kai hannu baki. Saboda haka idan jami'i ya ce ƙasa lafiyarta ƙalau, ki tambaye shi da wane irin amfani aka auna ta.

Wurin haɗa batir ya fi tayar da hankali saboda dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsewa daga abin da ya haɗiya. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Dalma da zaiba da sauran danginsu ba sa ruɓewa, shekara 50 bayan rufe masana'anta suna nan inda aka zubar da su, saɓanin mai da ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa kan cinye sannu a hankali.

Binciken da ya amsa sunansa mataki biyu ne. A na farko ana bin tarihin wurin: tsofaffin taswirori, da takardun izini, da hotunan sama, da hira da waɗanda suka yi aiki a can. A na biyu ana huda ƙasa a wurare da dama, a ɗebi samfurin ƙasa da na ruwan ƙarƙashinta a kai ɗakin gwaji, a kuma bar bututu a rami na tsawon makonni ana auna iskar da ke tasowa. Sau da yawa idan an ce an duba, matakin farko kaɗai ake nufi. Ki nemi rahoton a rubuce, ki duba ramuka nawa aka huda, a ina, zurfin nawa, waɗanne sinadarai aka nema, wane ne ya yi gwajin kuma wa ya biya shi. Ɗakin gwaji abin da aka ce ya nema kawai yake nemowa, kuma rami 10 a fili mai faɗi suna iya kuskure kusurwar da aka riƙa zubar da ruwan batir. A nan dattawan da kika ambata suke da amfani fiye da yadda hukuma ke zato. Ku zauna da su da taswira, su nuna inda tankuna suke da inda kwata ta bi da inda aka riƙa tara shara, ku miƙa wannan a rubuce.

Idan akwai tsohon juji a kusa, batun iska ya zama wajibi. A Maris na 1986 iskar gas da ta taso daga wani juji ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta taru a wani gida a ƙauyen Loscoe na Ingila, ta fashe ta rushe shi, mutum 3 da ke ciki suka ji rauni.

Gyaran kansa hanyoyinsa da yawa. Ana iya kwashe gurɓatacciyar ƙasar a kai ta wurin da aka tanada, ana iya wanke ta da injuna, ana kuma iya barinta a shimfiɗa mata shamaki a zuba tsabtatacciyar ƙasa a kai, wadda a lambunan gidaje kan kai kaurin santimita 60. Wannan ta ƙarshe ta fi arha kuma tana aiki, da sharaɗin duk wanda zai zauna a gidan ya san abin da ke ƙasa, domin wanda zai saye shi bayan shekara 20 yana iya haƙa rijiya ko tushen sabon ɗaki ya fasa shamakin. Ku nemi a rubuta wannan cikin takardun kowane gida, kuma kada a bar kowa ya tare sai an gabatar da rahoton da ke tabbatar da cewa gyaran da aka tsara shi aka yi.

Tambaya: Malam, ni ba zan zauna a sababbin gidajen ba, amma shagona yana bakin titin da motocin aikin za su riƙa bi. An ce mana tun da tsabtace wurin za a yi, babu abin damuwa. (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Ɗan'uwa, lokacin tsabtacewar shi ne lokacin da haɗari ya fi kusantar maƙwabta, domin gubar da ta yi shekaru a kwance ana tono ta ana watsa ta cikin iska. Garin Corby na Ingila ya ɗanɗana wannan. Bayan rufe babbar masana'antar ƙarfe ta garin a 1980, dubban mutane suka rasa aiki, ƙaramar hukumar ta ɗauki aikin gyara filin domin jawo sababbin kamfanoni. Niyyar mai kyau ce. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen na 1990 manyan motoci suka riƙa jigilar gurɓatacciyar ƙasa da laka ta titunan gari ba tare da an rufe su ba, lakar tana zuba, ta bushe ta zama ƙura. Daga baya aka lura da haihuwar yara da naƙasa a hannu ko ƙafa, iyalan yara 18 suka kai ƙara, kuma a Yulin 2009 babbar kotu ta samu ƙaramar hukumar da sakaci, ta kuma yarda cewa ƙurar da iyayensu mata suka shaƙa suna da juna biyu tana iya haddasa irin wannan naƙasa. A Afrilun 2010 aka sasanta a kan diyya. Wasu daga cikin yaran sun riga sun zama samari da 'yanmata kafin a kai ga wannan hukunci.

Abubuwan da za su hana maimaituwar haka ba masu wuya ba ne, kuma ba su da tsada idan aka kwatanta da kuɗin aikin: a lulluɓe kowace mota da tamfol, a wanke tayoyi kafin ta fito titi, a riƙa yayyafa ruwa a kan tarin ƙasa, a kafa na'urar auna ƙura a bakin shinge, a ƙayyade titunan da za a bi da awoyin aiki, a dakatar da tono idan iska ta yi ƙarfi. Idan tsofaffin gine-ginen suna da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, a rufi ko a jikin bututu, dole ƙwararru su cire shi kafin katafila ta taɓa bango. Ka nemi a saka waɗannan cikin sharuɗɗan izinin gini, da sunan jami'in da za a kai wa ƙara, domin alkawarin da aka yi a taro ba ya ɗaure ɗan kwangila. In aiki ya fara, ka riƙa rubuta rana da lokaci da lambar duk motar da ta wuce a buɗe.

Tambaya: Malam, kamfanin da ya gurɓata wurin ya daɗe da durƙushewa. Wa zai biya kuɗin gyara, ko mu masu biyan haraji za a ɗora wa? (Daga wani ma'aikaci)

Amsa: Malam, ƙa'idar da yawancin ƙasashe suka yarda da ita ita ce wanda ya ɓata shi zai biya. Dokar Ingila ta fara neman wanda ya jawo gurɓatar ko ya ƙyale ta da saninsa, in ba a same shi ba sai nauyin ya koma kan mai filin ko wanda ke zaune a ciki. A aikace kuwa, mafi yawan gyara mai sabon gini ne ke yinsa a matsayin sharaɗin izini, ya kuma rage kuɗin daga farashin da zai sayi filin. Amurka ta koyi wani darasi a nan. Dokar da ta kafa a 1980 bayan abin da ya faru a Love Canal ta yi tsauri har mai sayen fili yana iya gadon laifin da bai aikata ba, sai masu jari da bankuna suka riƙa gudun kufai suna fita bayan gari. Dokar 2002 ta ba da kariya ga mai sayen da ya yi cikakken bincike kafin ciniki, ta kuma tanadi tallafin gwaji da gyara. Saboda haka kuɗin jama'a kan shiga, musamman inda gyara ya fi darajar filin tsada, kuma ban ga aibu a haka ba. Abin da nake so ka bibiya shi ne abin da jama'a suka samu a madadin kuɗinsu, kuma ya kasance a rubuce cikin yarjejeniya.

Tambaya: Malam, shekaruna sun haura 70. Wurin da suke kira kango, mu da ke kusa mun daɗe muna shuka kayan lambu a gefensa, yara suna ƙwallo a tsakiya, masu gyaran mota suna da rumfuna. An ce za a kawo ci gaba, amma ina tsoron idan an gama, hayar gidajenmu za ta fi ƙarfinmu. (Daga wani dattijo)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kafin komai, ina roƙonku ku nemi a gwada ƙasar da kuke shuka a ciki, musamman idan kuna noman ganye ko abin da ke yin saiwa a ƙasa, kuma ku riƙa wanke amfanin sosai kafin sakamako ya fito.

Tsoronku kuma yana da tushe. Wanda ke kallon taswira a ofis fili babu kowa yake gani, alhali wurin da hukuma ta manta da shi ne marasa ƙarfi kan samu sararin sana'a da shan iska. Lokacin da aka shirya gasar Olamfik ta 2012 a gabashin Landan, an tsabtace ƙasa wajen tan miliyan 2, aka sake amfani da mafi yawanta a wurin, kuma wannan aiki ne abin yabo. Amma a cikin filin akwai rukunin gidaje na Clays Lane da mutum sama da 400 ke zaune, akwai lambunan haya da iyalai suka daɗe suna nomawa, akwai ƙananan kamfanoni masu yawa, duk aka tashe su a 2007 ko kafin nan. Jama'ar da suka saba da juna suka watsu, kuma diyya ba ta mayar da maƙwabtaka.

Batun gidaje masu sauƙin kuɗi kuma yana da tarko da ya kamata ku sani. Mai gini kan yi alkawarin ware wani kaso na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi domin ya samu izini, daga baya ya dawo ya ce aikin ya fi yadda aka zata tsada, ya nemi a rage. A kufai wannan hujja tana da sauƙin kawowa, tun da babu wanda ke ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an tona. A aikin tsohuwar tashar lantarki ta Battersea a Landan, wadda ta daina aiki a 1983, ƙaramar hukumar yankin ta amince a 2017 a rage irin waɗannan gidaje daga 636 zuwa 386. Don haka ku nemi adadin gidajen a rubuce, da ma'anar sauƙin kuɗin, wato a auna shi da abin da mutanen unguwa ke samu, da sharaɗin a gina su tun a matakin farko na aikin. Ku nemi kuma a bayyana lissafin mai gini ga jama'a duk lokacin da ya nemi ragi, tare da sharaɗin cewa in riba ta fi yadda ya faɗa, a mayar da abin da aka rage.

Ba kuma dole ne kowane kufai ya zama gidaje ba. A Duisburg ta Jamus, masana'antar narka ƙarfe da aka rufe a 1985 an mayar da ita wurin shaƙatawa na jama'a, aka bar manyan tanderunta a tsaye mutane suna hawa. A Canvey Wick na Ingila, filin wata matatar mai da aka fara ginawa aka watsar a shekarun 1970 ya cika da ƙwari da tsirrai da ba kasafai ake samunsu ba, har aka ba shi kariyar doka a 2005. Kuna da damar ku nemi a bar filin ƙwallon, a ware wa masu lambu da masu rumfuna wuri cikin sabon zanen, ko a sama musu wani kusa kafin a tashe su. Amma sai an san da ku, saboda haka ku ƙirga kanku, ku rubuta mutum nawa ke amfani da wurin, tun yaushe, da abin da kowa ke yi.

Tambaya: Malam, mun tara sa hannun mutane da yawa a kan cewa ba ma so, amma an ce mana hakan ba zai hana komai ba. Me ya rage mana? (Daga shugabar wata ƙungiyar mazauna unguwa)

Amsa: Hajiya, sa hannu yana nuna wa kansiloli yawan masu ƙuri'ar da abin ya dama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma jami'an tsara gari da hujja suke aiki. A tsarin Ingila, faɗuwar darajar gidanki ko toshe miki kallon da kika saba ba sa cikin abin da ake aunawa, alhali gurɓatar ƙasa da ambaliya da cunkoson titi da ƙara da ƙarancin gurbin makaranta duk ana auna su. Wasiƙa ɗaya da ta ce rahoton gwaji bai huda rami a inda tankunan mai suke ba, ta kuma haɗo hoto ko shaidar tsohon ma'aikaci, ta fi takarda 100 masu cewa ba ma so nauyi a wajensu.

Lokaci ma yana da muhimmanci, tun ran gini tun ran zane. A Ingila kwana 21 ake bayarwa don ra'ayi a kan neman izinin gini, kuma kwanakin suna ƙarewa kafin a gama kiran taro. Ku raba aiki tun yanzu: wani ya riƙa duba sanarwar hukuma, wani ya karanta rahotanni, wani ya nemo injiniya ko malamin jami'a da zai duba muku sakamakon gwaji. Game da samun takardun kuwa, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Aarhus ta 1998 ta ba jama'ar ƙasashen da suka shiga cikinta haƙƙin ganin bayanan muhalli da ke hannun hukuma ba tare da sun faɗi dalili ba, kuma a Ingila wajibi ne a amsa cikin kwanakin aiki 20, sai dai in buƙatar tana da sarƙaƙiya a ƙara wa'adi. Ƙasashe da yawa a wajen wannan yarjejeniya suna da dokar 'yancin samun bayanai da za ta yi muku irin wannan aiki. Ku nema a rubuce, ku ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata.

Shawarata gare ku ita ce ku zauna ku tantance abin da kuke ƙi. In ginin gaba ɗaya kuke ƙi, ku sani cewa a kufai da wuya a yi nasara, domin manufar gwamnatoci ta karkata ga amfani da irin waɗannan filaye, kuma barin wuri mai guba a buɗe yara suna shiga shi ma cutarwa ce. In kuwa yanayin aikin kuke ƙi, ƙarfinku ya fi yawa. Ku rubuta sharuɗɗanku a shafi ɗaya, ku kai wa kansilan mazaɓarku da jami'in da ke riƙe da fayil ɗin, ku nemi a ba wakiliyarku damar magana a zaman kwamitin da zai yanke hukunci. Bayan zaman ku karɓi kwafin izinin da aka bayar, ku bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya ku ga waɗanda aka saka, da waɗanda dole a cika su kafin a fara haƙa.